Maɓallin NBI a madubin huhu: me ake karantawa a jijiyoyin jini?

Dokta Rabi, Asawase:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata a kan madubin huhu ce, wato buronkoskof, wanda ake zurawa ta hanci ko ta baki a leƙa bututun iska. Injinan Olympus da ake duba ciki da hanji da su suna da maɓallin NBI (narrow band imaging, wato duba da tataccen haske), in an danna shi allo ya koma kore-kore, jijiyoyin jini su fito ɓaro-ɓaro. Masu duba ciki sun saba da shi. Ni amfaninsa a hanyoyin iska nake son sani.

Me ake nema a jijiyoyin, yawansu ko jansu? Sannan a nan Kumasi yawancin masu zuwa da tsohon tari ko kakin jini ba manyan mashaya sigari ba ne irin waɗanda aka yi nazari a kansu a Japan da Turai. Akwai mai tibi, akwai uwar da ta shekara ashirin a bakin murhu tana dafa waakye, akwai mai walda ko fentin mota a Suame Magazine, akwai ɗan galamse mai haƙar zinariya. Kowannensu in aka leƙa bututunsa ja ne. To ta yaya za a bambance jan kumburi da jan da ke ɓoye daji? Na kuma ji ana zancen wasu hanyoyin duba, AFI da OCT. Don Allah mai sani ya warware dalla-dalla, har da abin da ke ɓata hoto.

Dokta Awudu, likitan ƙirji:

Wa alaikumus salam 'yata. Fara da cire ja daga lissafi. Ja ba ya gaya miki komai sai dai jini ya ƙaru a wurin, kuma hayaƙi, ƙurar hunturu, tibi, har tarin da mara lafiya ya yi minti biyu da suka wuce, duk suna kawo haka. Abin karantawa shi ne siffar jijiya: yadda ta kwanta, kaurinta, da yadda ta ƙare.

NBI tace farin haske yake yi ya bar launi biyu kacal, shuɗi mai tsawon zangon haske nanomita 415 da kore mai nanomita 540. An zaɓe su ne don a nan hemogulobin, abin da ke sa jini ja, ya fi shanye haske. Shuɗin ba ya nitso, iyakarsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, shi ya sa yake nuna siraran jijiyoyin saman fata, su fito ruwan ƙasa. Koren ya ɗan fi shi shiga, jijiyoyin da ke ƙarƙashi su fito shuɗi mai ratsin kore. In na ce fata a nan, jiƙaƙƙiyar shimfiɗar da ta lulluɓe cikin bututu nake nufi.

A lafiyayyen bututu jijiyoyin kaɗan ne, sirara, kaurinsu ɗaya, suna bin tsawon bututu, sun fi yawa a tsakanin zobban guringuntsi. A mai kumburi sukan yawaita su yi raga, amma ragar mai tsari ce: babba ta haifi ƙarama, ƙarama ta sirance a hankali har ta ɓace, kamar jijiyar ganye. Komai yawansu, in tsarin nan yana nan, kumburi ya fi kusa.

Abin tsoro na farko ɗige-ɗige ne. Ƙwayoyin fata in sun fara lalacewa, kafin su zama daji sosai, sukan jawo ƙananan jijiyoyi su miƙe tsaye su kutsa cikin fatar su lanƙwaso. Ke kuma daga sama kike kallo, saboda haka kansu kawai kike gani, kamar a juyo miki bakin tsintsiya. Sai jijiyoyi masu murɗewa kamar igiyar da aka tufka, kaurinsu ba ɗaya ba, nan kauri can siriri. Sai kuma waɗanda suke tafiya su yanke tashi ɗaya ba tare da sun sirance ba. Shibuya da abokan aikinsa a Japan ne suka bayyana ɗige-ɗigen nan a 2003 a jikin manyan mashaya sigari, daga baya a 2010 suka nuna kaurin jijiya yana ƙaruwa da girman ɓarna: wajen maikiromita 40 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a farkon lalacewa, sama da 60 a dajin da bai huda fata ba, ya haura 250 a wanda ya riga ya kutsa. Ba za ki auna wannan da ido ba, amma yana koya miki cewa katuwar jijiya mai murɗe ta fi ɗigo muni.

Yanzu yadda ake bi. Da farin haske ake shiga, kullum. A fara da ɓangaren da hoton ƙirji ko CT ya nuna lafiya, don in ɓangaren ciwo ya yi jini kada a rasa ganin ɗayan. A kowace mararraba, inda bututu ya rabu biyu, ki tsaya kafin bakin madubi ya taɓa bango, domin a kan tsinin mararraba irin wannan lalacewa ta fi son farawa. Majina in ta rufe, ki wanke da ruwan gishirin asibiti mililita 5 zuwa 10, ki zuƙe daga tsakiyar bututu. In kika manna baki a bango kika zuƙa, za ki bar ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata masu kama da ainihin abin da kike nema, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Bayan wuri ya yi tsaf sai ki matso kamar milimita 3 zuwa 5, ki danna NBI, ki jira mara lafiya ya fitar da numfashi, ki tsayar da hoto. Ki karanta tsayayyen hoton, ba mai motsi ba.

Kada a zuba adirenalin kafin a gama kallo, yana tsuke jijiyoyi su dushe. Kada a gutsuri nama kafin a gama kallo, domin ɗanyen jini a NBI baƙi ƙirin yake fitowa, ɗigo biyu sun isa su rufe fili.

Abin da wannan haske yake ba ki shi ne inda za ki sa hantsaki, da iyakar ciwo, wadda sau da yawa ta wuce abin da farin haske ya nuna. Likitan tiyata yana bukatar wannan iyaka. Sunan cuta kuwa daga lab yake fitowa, a ƙarƙashin madubin gani-har-hanji na masu duba nama.

Injiniya Sulemana, Aboabo:

Baba Dokta kun gama magana a kan karatu, bari in ƙara ta gefen ƙarfe.

Ƙanwata, kasancewar maɓallin a injin ba ya nufin kowane madubi zai yi aiki da shi. Olympus ta fitar da dangi biyu da ba sa shiga juna: masu lamba 180 da 190 a gefe ɗaya, masu 260 da 290 a ɗaya gefen, kuma yadda suke haɗa launi ma ya bambanta. Madubin huhun dole ya zama ɗan gidan injin. Tsohon madubi mai zaren gilashi wanda ake ɗora wa kyamara a ido ba zai nuna miki jijiyar maikiromita 40 ba, ragar zaren da kanta za ta cinye ta. Pentax da Fujifilm suna da nasu, i-scan da FICE, amma waɗannan gyaran hoto ne da kwamfuta take yi bayan an haska farin haske, saboda haka launin da Baba Dokta ya faɗa ba lallai ya zo daidai a kansu ba.

Dalilin launin ma yana da amfani a sani. Abin da shuɗin haske ya dawo da shi ana aika shi layin shuɗi da na kore na allo, abin da koren ya dawo da shi ana aika shi layin ja. Jijiyar sama ta shanye shuɗi, ja-ja ya rage, ta fito ruwan ƙasa. Ta ƙasa ta shanye kore, layin ja ya mutu, ta fito shuɗi-kore. Ke nan in ba a daidaita fari ba kafin a fara, duk lissafin ya karkace. Ana yin sa a cikin farar hular da ta zo da injin, bakin madubi ba ya taɓa komai, hasken ɗaki ba ya shiga.

NBI haske ne mai rauni tunda an zubar da mafi yawansa. Fitilar zenon mai wat 300 wajen awa 500 take yi, injin yana nuna ma'aunin awanninta a gaba. In ta tsufa farin haske zai ci gaba da kyau a ido, NBI kuwa ya yi duhu da yashi-yashi, musamman a babban maƙogwaro mai faɗi. Dumso, wato yawan ɗauke wuta, da hawa-da-saukar wuta suna rage mata kwana, don haka a sa UPS mai iya ɗaukar injin da fitila da allo tare. Hazo a hoto da wanki bai kawar ba, a yi zargin ruwa ya shiga madubi; gwajin yoyo bayan kowane mara lafiya ne ke kama wannan kafin ya kashe kyamarar.

AFI wata hanya ce. Ana haska shuɗi, lafiyayyen bango ya maido da koren ƙyalli daga zaruruwan da ke ƙarƙashin fata. Inda fata ta yi kauri ko jini ya yi yawa ƙyallin ya ragu, wurin ya fito ja-ƙasa, ko shunayya a injin Olympus. Daga birnin Vancouver na Kanada aka fara shi, a aikin Stephen Lam, Amurka ta amince da na'urar LIFE a 1996. Yana share fili da sauri, amma kumburi, tabo da tsohon gurbin hantsaki duk suna kunna shi. Ga marasa lafiyan da kika lissafa, ƙararrawar ƙarya za ta yi yawa.

OCT kamar sikanin ne, sai dai da haske maimakon sauti. An bayyana shi a 1991 a jami'ar MIT ta Amurka. Ana zura siririn zare ta ramin hantsaki, yana juyawa yana harba haske mai nanomita wajen 1300, ya ba da yankan bango mai zurfin milimita 2 zuwa 3, yana rarrabe abu mai maikiromita 10 zuwa 15. Nau'insa mai Dopla yana nuna inda jini ke gudu a cikin bango, har a ƙananan rassan da madubi ba ya kaiwa. Bugun zuciya da numfashi suna girgiza zaren su yi ƙaryar gudu, jijiyar da ta gitta haske daidai-wa-daida ba ta ba da alama, jini a cikin bututu kuma yana toshe hasken. A huhu har yanzu yawancinsa aikin bincike ne. Wanda ke tsara sayayya ya sa kuɗin a madubi na biyu da hantsaki masu kaifi.

Dokta Rabi, Asawase:

Allah ya saka da alheri Baba, na gode Yaya. Saura zancen tibi. In an ga ƙari a bututu mai jijiyoyi a hargitse, kuma mutum yana rama da zufar dare, NBI zai iya raba gardama?

Dokta Awudu, likitan ƙirji:

Ba zai iya ba, kuma ina so wannan ya zauna sosai, domin rai ake rasawa ta gefe biyu. Tibin cikin bututu yana da fuska bakwai a rabon da Chung da Lee suka yi a 2000: mai farin abu kamar cuku, mai kumburi ja, mai tsukewa da tabo, mai kama da ƙari, mai tsaba-tsaba, mai gyambo, da mai kama da tarin yau da kullum. Mai kama da ƙari da mai gyambo sabon nama suke yi, sabon nama kuma jijiyoyinsa a hargitse suke. A ɗaya gefen, mai daji yakan sha maganin tibi wata shida a kan zato, ya dawo lokaci ya ƙure. Wani ma yana da duka biyun.

Saboda haka kaki ake fara kaiwa GeneXpert, injin gwajin tibi, kafin a yi zancen madubi, sakamako cikin kamar awa biyu. In ya nuna tibi a fara magani, a bar madubi sai in akwai dalili, kamar huhun da ya lotsa ko rashin sauƙi. In an shiga, a gutsuri aƙalla biyar daga ƙarin da ake gani, a kuma wanko ruwa.

Akwai abin da NBI yake yi wanda a ganina ya fi neman daji muhimmanci a wajenmu, wato gaya miki inda ba za ki taɓa ba. Jijiyoyin da ke ciyar da bangon bututu daga babbar jijiyar awota suke fitowa, da ƙarfin bugun jinin jiki gaba ɗaya, kuma kusan tara cikin goma na kakin jini mai yawa daga gare su yake. Tsohon tibi da buɗaɗɗun bututu suna sa su kumbura su yi kauri. Wani lokaci ɗaya takan turo fata ta yi ɗan tudu mai santsi, milimita kaɗan, fatar kansa lafiya lau ko da ɗan farin kai, wani sa'in yana harbawa. Ciwon Dieulafoy ke nan. An rasa rayuka a kan gutsurarsa. In kin ga tudu irin wannan, ko kauraren jijiya shuɗi-kore tana shiga ƙarƙashinsa, ki janye hantsaki, a yi CT mai allurar rini, ko EBUS, sikanin na cikin bututu, mai Dopla inda yake akwai. Ƙarin kasinoyid, ja mai sheƙi kamar cikin kankana, shi ma mai jini ne, sai an shirya. A mai ƙanjamau kuma, jajayen ko shunayyan tabo shimfiɗaɗɗu a kan mararraba sukan zama dajin Kaposi; a duba fata da dasashi, gutsure daga can ya fi sauƙi ya fi ba da amsa.

Ɗan galamse da kika ambata, ƙurar dutse a cikin naman huhu take zama, ba a fatar bututu ba. Haka dajin da ya fi kama waɗanda ba sa shan sigari, a gefen huhu yake tsirowa. Madubi mai kaurin milimita 5 zuwa 6 iyakarsa rassa na huɗu ko na biyar. Bututu mai tsabta a NBI bai wanke huhu ba, waɗannan aikin CT ne. Kakin jinin da ya ƙi tsayawa kuwa a tura shi babban asibiti, Komfo Anokye a nan ko Korle Bu a Accra, kada a tsaya neman hoto mai kyau.

Hajiya Meimuna, nas ta ɗakin madubi:

Sannunku da ƙoƙari. 'Yata, duk abin da aka faɗa yana rushewa in mara lafiya yana tari, don haka rabin hoton a hannun mai shiri yake.

Abinci a daina awa 4 kafin aiki, farin ruwa awa 2. A zaunar da mutum a yi masa bayani da harshen da yake ji, a gaya masa zai iya numfashi amma murya za ta ɗauke na ɗan lokaci. Wanda ya san haka ba ya firgita, wanda bai firgita ba tarinsa kaɗan ne. A tambayi magungunan tsinka jini da sunansu: kulofidogirel ana dakatar da shi kwana 7 kafin gutsure, wafarin kwana 5 a ga INR, gwajin daskarewar jini, ƙasa da 1.5, da sanin likitan da ya rubuta su. Ƙaramin asfirin ba ya hanawa. Filetilet, ƙwayoyin da ke daskarar da jini, su haura 50,000.

Lidoken, maganin kashe zafi, mai kashi 1 cikin ɗari ya wadatar a cikin bututu, miligiram 10 ne a kowace mililita. A zuba mililita 2 sau biyu ko uku a kan igiyoyin murya, a dakata ya kama kafin a wuce, sannan a maƙogwaro, a babbar mararraba, da bakin kowane ɓangare. Gaggawar wucewa ita ke tayar da tarin da ke jajanta wuri. A riƙa ƙirgawa da baki, har da man hanci da feshin maƙoshi, wanda kowane fesawa na mai kashi 10 miligiram 10 ne. Jagorar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta 2001 ta sa iyaka a miligiram 8.2 kan kowane kilo, wato wajen 490 ga mai kilo 60, kuma ba a son a kusance ta, balle ga tsoho ko mai ciwon hanta. Midazolam, maganin sa barci, kaɗan-kaɗan, kada a zuƙo fiye da miligiram 5 a sirinji, mai shekara sama da 70 kuma miligiram 2. Iskar jini a riƙe ta sama da kashi 90 cikin ɗari.

Kafin hantsaki ya fito daga leda, ruwan gishiri mai sanyi daga firij ya kasance a sirinji, adirenalin a gauraye, mililita 1 a cikin 9 ta ruwan gishiri, injin zuƙa an gwada shi. In jini ya ɓalle, madubi ya toshe reshen ya zauna, a juya mara lafiya ɓangaren da ke jini ya koma ƙasa don ɗaya huhun ya tsira, a zuba mai sanyi mililita 5 zuwa 10 a jere. Gudan jinin da ya daskare a bar shi, kada a zuƙe don son ganin wuri.

Wanda ake zargin tibi a sa shi ƙarshen layi, kowa da takunkumin N95, tagogi a buɗe in ɗakin ba shi da injin jan iska. Madubi a goge shi a bakin gado, a yi gwajin yoyo, a wanke ramin da burushi, sannan ya kwanta minti 20 cif a maganin kashe ƙwayoyi gulutaraldehaid mai kashi 2. Ragowar datti a gilashin baki ma tana dusashe NBI na mai zuwa.

Kwalabe biyu ake ajiyewa. Naman da za a duba ƙwayoyinsa ya shiga fomalin mai kashi 10, ruwan ya ninka naman sau goma. Gutsure ɗaya da ruwan wanki su shiga kwalba mai ruwan gishiri zalla don GeneXpert da shukar ƙwayar tibi, domin fomalin kashe ta yake yi. In an gutsura daga wuri biyu, inda farin haske ya nuna da inda NBI kaɗai ya nuna, kowanne da kwalbarsa da sunan reshensa a rubuce, a fara da na NBI tun fili bai ɓaci da jini ba. Mara lafiya kuma kada ya sha ko ruwa sai bayan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in maƙoshi ya farfaɗo.